Hayaƙi Mai Tsawa

A cikin dukan kogunan Afirka guda huɗu ne suka fi tsawo. Na fari shi ne Nilu, wanda ya ratsa Sudan da Masar. Na biyu kogin Kwango. Na uku shi ne namu, watau kogin Kwara. Na huɗu kuwa sunansa Zambezi, yana can kudancin Afirka. Ku ɗauko taswira ku neme shi. Za ku ga ya taso daga arewa maso yammacin ƙasar Zambiya, ya shiga Angola, ya komo Zambiya, ya bi iyakarta da Zimbabuwe, sa'an nan ya ratsa Mozambik ya faɗa Tekun Indiya. Tsawonsa ya wuce kilomita 2,500. A wajen tsakiyar wannan doguwar tafiya tasa akwai wani wuri inda kogin, ɗungum ɗinsa, yake faɗawa cikin wani rami mai zurfi. Turawa suna kiran wurin Magangarar Biktoriya. Labarinsa nake so in ba ku, don Allah ya nufe ni da ganinsa da idona.

A watan Afrilu na shekarar 2023 aka aike mu, mu biyu, zuwa wani taron ma'aikatan ilmi a Lusaka, babban birnin Zambiya. Abokin tafiyata wani malami ne Bakatsine. Da aka watse taro sai wani dattijon shugaban makaranta, mutumin kabilar Tonga, ya ce ba zai yarda mu koma gida ba sai ya kai mu mun ga abin alfaharin ƙasarsu. Baƙo ba ya ƙin karamcin mai masauki, balle karamci irin wannan. Muka yi sammako muka shiga mota muka nufi kudu. Muka ƙetare kogin Kafuwe, muka wuce Mazabuka inda gonakin rake suke iyakar ganin ido, muka ci abincin rana a Coma. Abincin nasu sunansa nshima, da na ɗanɗana na ji ba wani abu ba ne illa tuwon masara. Daga Lusaka zuwa garin Libinston, inda za mu sauka, ya kusa kilomita 480, saboda haka sai da la'asar muka kusato.

Muna cikin tafiya, saura kilomita da yawa mu isa garin, sai abokina ya nuna gaba da hannu ya ce, “Malam, dubi can. Ashe su ma suna ƙona daji kamar mutanenmu?”

Na duba, na ga wani farin hayaƙi ya turnuƙe, ya miƙe sama daga tsakiyar daji, alhali kuwa sararin sama garau yake, ba ko ɗigon girgije. Dattijon nan ya yi murmushi ya ce, “Ɗan'uwa, wannan hayaƙi ba wuta a ƙarƙashinsa. Tun kafin a haifi kakan kakana yake tashi, har yau bai ƙona ko ciyawa ɗaya ba.”

Feshin ruwa ne. In kogi ya cika, feshin yakan yi sama fiye da mita 400, ana kuwa hangensa daga nisan kilomita 30, wani lokaci ma fiye da haka. Da dare ya yi, gari ya yi tsit, muka kwanta a masauki, sai na riƙa jin wani gunji can ƙasa-ƙasa, kamar cida ta hadarin da ke nesa, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Tsakanin garin da ruwan kuwa kusan kilomita 10 ne. Saboda waɗannan abubuwa biyu, hayaƙin da ake gani da gunjin da ake ji, mutanen ƙasar suka sa wa wurin suna Mosi-oa-Tunya, ma'anarsa hayaƙi mai tsawa.

Da gari ya waye muka tafi. A bakin ƙofa akwai masu ba da hayar rigunan ruwa. Abokina ya dubi rana ta fito sarai, ya ce shi laimarsa ta ishe shi. Dattijo bai yi masa gardama ba, ya dai karɓi riguna uku ya rataya a kafaɗa.

To, a nan sai ku natsu, don siffar wurin ba irin wadda kuka saba ji ba ce. Wanda ya taɓa zuwa Gurara, ko Matsirga ta kusa da Kafancan, ya san cewa mutum yakan tsaya a ƙasa ya ɗaga kai ya ga ruwa yana zubowa daga kan dutse. A Mosi-oa-Tunya ba tsauni, ba tudu. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Kogin yana tafe a hankali, da faɗinsa, da tsibiransa, da dorinoni da kadoji a ciki, kamar ba abin da zai same shi. Kwaram, sai ƙasa ta tsage a gabansa daga wannan gaɓa zuwa waccan, kamar an sa wuƙa an yanka, ruwan duka ya rufta ciki. Mai kallo yana tsaye ne a ɗaya bakin tsagar, daidai da kan ruwan, yana fuskantarsa kamar yadda mutum yake fuskantar bangon maƙwabcinsa in lungu ya raba su.

Faɗin wurin da ruwan yake zuba ya ɗara mita 1,700 kaɗan, zurfin ramin kuwa, a inda ya fi zurfi, mita 108. Ga yadda za ku gane waɗannan lissafi. Filin ƙwallo babba tsawonsa kamar mita 100 ne. Ku jera filaye 17, kan wannan a gindin wancan, kun sami faɗin. Ku ɗauki fili guda ku tsai da shi a tsaye, kun kusa samun zurfin. Akwai magangaran ruwa a duniya da suka fi wannan tsawo, akwai kuma waɗanda suka fi ta faɗi, amma in aka haɗa faɗi da zurfi tare, ana lissafta ta a kan ita ce labulen ruwa mafi girma a duniya.

Ba mu yi taku ɗari ba daga ƙofa sai yayyafi ya fara. Muka ƙara gaba, yayyafi ya zama ruwa kamar da bakin ƙwarya. Abin dariya shi ne, ruwan nan ba daga sama kaɗai yake zuwa ba. Iskar da ke fitowa daga cikin ramin ita ke turo shi, saboda haka yana bugun mutum daga ƙasa, da gaba, da gefe. Laimar abokina ta kife ta koma kamar kwando. Dattijo ya miƙa masa rigar ruwa bai ce masa kome ba. Ko da ya ce ma ba za a ji ba, gama a wurin in kana so ka yi magana sai ka kafa baki a kunnen ɗan'uwanka ka ɗaga murya.

Muka iso wata siririyar gadar ƙafa wadda ta haɗa gaɓa da wani dutse mai tsini, suna kiran wurin Bakin Wuƙa. Na kama ƙarfen gadar da hannu biyu, na bi a hankali, ruwa na gudu a kan takalmana. A tsakiya na tsaya na ɗaga ido. Da fari ban ga kome ba sai fari fat. Can iska ta kaɗa, hazon ya yaye, sai ga ruwan gaba ɗaya a gabana, jajaye-jajaye daga sama saboda laka, fari kamar auduga daga ƙasa, yana zuba, yana zuba, ba ya hutawa. Na leƙa ƙasa ban ga gindin ramin ba, sai bakan gizo guda biyu, ɗaya bisa ɗaya, a ƙarƙashin ƙafafuna. Tun da nake ban taɓa sunkuyar da kai don in dubi bakan gizo ba sai ran nan. Ban san lokacin da na ce “Tsarki ya tabbata ga Allah” ba. Kafin in ƙare faɗi hazon ya sake rufewa.

Masana sun ce a irin wannan lokaci na cikar kogi, ruwan da ke faɗawa a minti ɗaya yakan kai lita miliyan 500. Ban iya kwatanta muku wannan da tulu ko randa ba.

Saboda yayyafin nan da ba ya ɗaukewa dare da rana, wani ɗan kurmi ya tsiro a bakin ramin, kore shar, alhali dajin da ke kewaye da shi irin namu ne, mai bushewa da rani. Na yi murna da na tarad da sanannu a ciki: ga kanya, ga ɓaure, ga kajinjiri. Ga kuma gwaggon biri garke guda, ba su jin tsoron kowa. Muna zaune muna shanya, wani ƙato ya zo ya fizge ƙunshin gyaɗa daga hannun wata yarinya, ya koma gefe ya zauna yana ɓarewa yana kallonmu, kamar kuɗinsa ya saya.

Yanzu bari in gaya muku yadda aka yi sunan Biktoriya ya zo nan. Akwai wani Bature mutumin Sikotilan, likita ne kuma mai wa'azin addinin Kirista, sunansa Dabid Libinston. Ya daɗe yana jin labarin hayaƙin nan a bakin mutanen Makololo. A watan Nuwamba na 1855 sarkinsu, Sekeletu, ya ba shi mutane da jiragen kwalekwale, suka gangaro da shi har wani ɗan tsibiri da ke kan leɓen ramin. Daga nan ya leƙa ya gani. Shi ne Bature na fari da aka san ya ga wurin, ya kuwa sa masa sunan Sarauniyar Ingila ta zamanin, watau Biktoriya. Da ya komo a 1860 ya so ya auna zurfin ramin. Ya ɗaura harsasai da ƙyallen farin alawayyo a bakin igiya ya zura, wani ya kwanta rub da ciki a bakin dutse yana duban ƙyallen. Wannan dabara ta burge ni, don ta nuna mutum ne wanda ba ya wadatuwa da cewa abu yana da girma, sai ya san iyakar girmansa.

Amma in kun karanta a wani littafi cewa shi ne ya gano wurin, ku tambayi kanku: su waye suka tuƙa kwalekwalen? Wa ya san hanyar da za a bi tsakanin duwatsu har a kai tsibirin nan ba tare da ruwa ya ja jirgi ba? Mutane suna zaune a nan tun zamanin da ake sassaƙa makami da dutse, an kuwa tono irin waɗannan makamai a kusa da ramin, na ga wasu a gidan ajiye kayan tarihi na garin Libinston. Dattijonmu ya ce su Tonga ma suna da nasu sunan dabam, Shungu Namutitima. Ni dai a ganina sunan mutanen ƙasa ya fi dacewa. Sarauniya Biktoriya har ta mutu ba ta taɓa taka wurin ba, sunanta kuwa ba ya gaya maka kome game da shi. Amma wanda aka ce masa hayaƙi mai tsawa, ko bai je ba ya ga rabi, ya ji rabi. A 1989, da hukumar ilmi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wurin cikin jerin wuraren gado na dukan 'yan Adam, sunayen biyu ta rubuta, ta fara da Mosi-oa-Tunya.

Kashegari muka je babbar gada, wadda ta haɗa Zambiya da Zimbabuwe. An gama ta a 1905. A Ingila aka ƙera ƙarafanta, aka kawo su ta teku zuwa Beira a Mozambik, sa'an nan jirgin ƙasa ya ɗauko su. Tsawonta mita 198, tsakaninta da ruwa kuwa kamar mita 128. Wanda ya kawo shawarar gina ta shi ne Sesil Rods, Baturen da ƙasashen nan biyu suka ɗauki sunansa a zamanin mulkin mallaka, ana ce musu Rodeshiya ta Arewa da Rodeshiya ta Kudu, kafin Zambiya ta sami mulkin kai a 1964, Zimbabuwe kuma a 1980. Burinsa shi ne a shimfiɗa hanyar jirgi tun daga ƙurewar kudancin Afirka har Alƙahira. Hanyar ba ta kai ba, shi ma ya mutu a 1902 bai ga gadar ba. Na tarad da waɗansu samari da 'yammata, yawancinsu baƙi, ana ɗaure musu ƙafafu da igiyar roba, suna tsalle daga kan gadar su faɗa ramin da ka, igiya ta fizgo su. Wai wasa ne, har biya suke yi. Aka ce ko za mu gwada. Abokina ya ce shi yana da iyali.

A kan gadar nan ne na ga abin da ya fi tsaya mini a rai, ya fi ma zubar ruwan. Kogin nan mai faɗin mita 1,700, bayan ya faɗa ramin, ƙofa ɗaya tak gare shi ta fita, faɗinta bai fi mita 110 ba. Nan yake matsewa ya fito a fusace, ya yi wata juyawa da suke kira Tukunya Mai Tafasa, sa'an nan ya shiga wani kwazazzabo mai zurfi. Kwazazzabon kuwa ba miƙaƙƙe ba ne. Ya yi yamma, ya karyo ya yi gabas, ya sake karyowa ya yi yamma, kamar tafiyar maciji. Na tambayi dattijo dalilin haka. Ya ce, “Malam, kowane lanƙwasa da ka gani, dā can nan ne ruwan yake zuba.”

Ga bayanin. Dutsen da ke ƙarƙashin ƙasar nan baƙin dutse ne mai tauri, wanda ya fito daga cikin ƙasa a narke, kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce. Da ya huce sai ya tsattsage, kamar yadda laka take tsagewa a fadama da rani. Daga baya ƙasa mai taushi ta cike tsagogin. Da kogi ya zo yana bi ta kai, sai ya riƙa kwashe mai taushin yana barin mai taurin, har ya buɗe tsaga guda ta zama rami, ya riƙa faɗawa ciki. Bai tsaya nan ba. Ya sami wuri mai rauni a leɓen ramin ya yi ta ci, yana komawa baya, har ya tarad da wata tsagar, ya buɗe ta, ya bar ta farin ta zama hanyar wucewa. Haka ya yi ta yi, sau wajen takwas, cikin shekaru fiye da dubu ɗari.

Kun taɓa lura da zaizayar da ke bayan garinku? Bana kanta yana gindin wata bishiya, baɗi in damina ta wuce sai ku ga ta ci gaba ta shiga gonar wani. Ruwa yana gangarawa gaba, amma kan zaizaya baya yake tafiya. To, abin da ke faruwa ke nan a Zambezi, sai dai can dutse ake ci, ba yashi ba, saboda haka ran mutum ɗaya bai isa ya ga motsin ba. Da muka ƙetara gefen Zimbabuwe, bayan an duba takardunmu, dattijo ya kai mu ƙurewar yamma, kusa da gunkin Libinston, inda wani reshen ruwan yake zuba da ƙarfin gaske. Suna kiransa Magangarar Shaiɗan. Ya nuna mana yadda leɓen dutsen a nan ya fi na sauran wurare ƙasa. Ruwa ya riga ya fara cin sabuwar hanya ke nan. Wata rana, bayan dubban shekaru, inda muka tsaya muna jiƙewa zai zama busasshen bakin kwazazzabo, hayaƙin kuwa ya koma can gaba.

Kada ku zaci kullum haka wurin yake cike. Damina tasu ba ta zo daidai da tamu ba: tana farawa wajen Nuwamba, ta ƙare wajen Maris ko Afrilu. Ruwan da ya sauka a Angola da yammacin Zambiya ba ya isowa nan da nan, sai ya fara malala cikin wata babbar fadama ta ƙasar Lozi, ya cika ta har sarkinsu ya tashi daga fadarsa ya shiga jirgi ya koma tudu, sa'an nan ya gangaro a hankali. Don haka kogin ya fi cika a wajen Afrilu, lokacin da damina take ƙarewa. A watan Nuwamba kuwa ruwan yakan ragu ya koma kamar kashi ɗaya cikin goma, har gefen Zambiya ya zama dutse tsirara, sai ɗan zirin ruwa nan da can.

Raguwar nan ba masu kallo kaɗai take damu ba. A can ƙasa da magangarar akwai madatsar ruwa ta Kariba, wadda aka gama a 1959, daga ita ƙasashen biyu suke samun wutar lantarki mai yawa. A 2019 an yi fari, ruwan ya ragu ƙwarai. A 2024, shekara guda bayan zuwanmu, aka sake yin wani farin mai tsanani, masara ta ƙone a gonaki, tabkin Kariba ya janye, gidaje da masana'antu a Zambiya suka riƙa wuni suna kwana ba wuta. Da na ji labarin a rediyo, sai na tuna da masu hayar rigunan ruwa, da masu sayar da sassaƙe-sassaƙe a bakin ƙofa, da dattijonmu da 'yan makarantarsa.

Daren da za mu tashi ya yi daidai da tsakiyar wata, farin wata ya cika. A irin waɗannan darare akan buɗe ƙofa bayan magariba. Dattijo ya ce mu sa rigunan sanyi mu zo. Muka tsaya a ƙurewar gabas, wata yana bayanmu, hayaƙin yana gabanmu. Da wata ya ɗan ɗaga, sai ga wani baka ya bayyana a cikin feshin, ya tsallaka ramin daga gefe zuwa gefe. Bakan gizo ne na dare. Launinsa ba shi da ƙarfi kamar na rana, fari-fari ne, sai ka ƙura ido kafin ka rarrabe ja da shuɗi a gefensa. Mutane sun fi hamsin a wurin, daga ƙasashe dabam-dabam, amma ba mai magana. Muka tsaya har wajen ƙarfe goma, sanyi ya fara shiga ƙashi, mai gadi ya zo da fitilarsa ya ce lokacin rufe ƙofa ya yi.